Littattafan Baba da Wuƙar Yaya

A layinmu ba mai kiran mahaifinmu da sunansa, Mai Zare ake ce masa. Aikinsa ke nan tun yana saurayi: a kawo masa littafin da ya wargaje, ya jera shafukan, ya huda da basilla, ya ɗinke, ya shafa gam, ya danne da dutsen guga har ya bushe. Wanda mai shi ya yar saboda tsufa, Baba ya ɗauko ya gyara wa kansa. Da haka kabad uku suka cika a ɗakinsa. Umma takan ce mu ya haifa, amma su yake goyo.

Da idonsa ya fara rauni ya ajiye basilla. Wannan bai dame shi ba kamar karatun da ya gagare shi. Sai ya kai littafi dab da hanci, ya yi ta ƙifta ido, ya rufe.

Ana nan Yaya, babban wanmu, ya zo da injin sikanin da kwamfuta. Ya ce zai ɗauki hoton kowane shafi, Baba ya riƙa ƙara girman rubutu yadda yake so.

"Za su dawo mini lafiya?" in ji Baba.

"Haba Baba, hoto ne fa kawai. Ko kai aka ɗauka ai ba ka raguwa."

Baba ya yi dariya ya miƙa makulli. Yaya ya kwashe kabad biyu zuwa ɗakin baya, ya ce kada kowa ya shiga, injin ba ya son ƙura. Daga tsakar gida muna jin ƙararsa, shuu, shuu, Baba yana ta sa masa albarka.

Abin da ba mu sani ba, injin ba ya karɓar littafi a ɗinke, sai takarda warwara. Saboda haka Yaya yakan ɗora littafi a tebur, ya sa wuƙar yankan takarda ya datse bayansa gaba ɗaya, ya zuba shafukan su wuce da gudu.

Wata safiya Baba ya je zubar da ɓawon lemo a kwandon shara, hannunsa ya taɓa wasu dogayen tsiri masu tauri. Ya ɗauko ɗaya ya shafa da babban yatsa. Ƙullin zarensa ne.

Ya kira Yaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wannan mene ne?"

"Baba, ko harafi ɗaya bai ɓace ba. In na tsaya buɗe shafi ɗaya-ɗaya, sai na yi furfura ban gama ba."

"Na tambaye ka. Ka ce hoto ne kawai."

"Da na faɗa maka ai ba za ka yarda ba."

"Ashe ka sani."

Na kwaso masa takardun a kwalaye. Ya ce in zura masa zare, ya laluba gefen shafi, sai ya ajiye basillar. Wuƙar ta cinye gefen, duk inda zai huda cikin rubutu ne.

Kwamfutar tana nan kan teburinsa, Umma ta rufe ta da ƙyalle. Na sha roƙonsa in kunna masa ya ga yadda rubutun ya fito ɓaro-ɓaro, sai ya ce in bar shi. Yaya yakan zo gaisuwa, Baba ya amsa, daga nan ba ƙari. Kabad na uku a kulle yake. Wani lokaci yakan buɗe, ya zaro littafi ɗaya ya riƙe a cinya har rana ta yi sanyi, ya mayar.