Jirgin Ƙasan Tsoho Dillali

Tsoho dillalin shanu ne a karar Talata Mafara, kuma tun tasowarsa ba a taɓa jin ya sayi abu a wurin mutum na farko ba. Ko allura ce sai ya zaga kasuwa ya ji bakin kowa.

Jirgin ƙasa kuwa sau ɗaya ya taɓa gani, a Ƙauran Namoda, shi ma a tsaye. Don haka da ya ga wani ɗan ƙarami a wayarsa yana zagaya tebur, har da hayaƙi, sai ya ji duniya ba abin da yake so kamarsa. Surukinsa Kamaluddeen, mai shagon gyaran waya, ya nuna masa yadda ake odar kaya daga waje. Tsoho ya shiga ƙasashen duniya kamar yadda yake shiga kara. Ya ce Ingila ta cika tsada, Amurka kuɗin aike ya fi kayan, ya kuma sa Kamaluddeen ya rubuta wa wani Bajamushe cewa ya yi ragi don Allah, ai an zama ɗaya. A ƙarshe ya ɗauki kan jirgi a Jamus, dogo a Japan, taragu a Sin, kowanne inda ya fi araha.

Kafin kayan su iso, labari ya bazu cewa Tsoho ya sayo jirgin ƙasa. Manoman shinkafa daga Bakura suka zo jin nawa zai ɗauki buhu. Ɗanasabe, wani dattijo daga Janbako, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya roƙa a bi da dogon ta garinsu, don hanyar mota ta gama da ƙugunsa. Tsoho ya ji nauyin faɗin gaskiya, ya ce za a duba.

Ranar da kayan suka cika, a bayan kabu-kabu aka kawo su cikin kwali. Aka buɗe a zaure, jama'a na leƙe. Kan jirgin ya kai girman tafin hannu, dogon Japan siriri ne, ko ƙafar kan jirgin ɗaya ba ta zama a kai, taragun Sin kuma kowanne kamar akwatin takalmi. Cikin kayan nan babu wanda ya san ɗan'uwansa.

Ɗanasabe ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Wanga in ya girma, kak ka manta da mu.”

Tsoho ya yi alkawari.

Bai yarda ya yi asara ba. Ya ce ko a kara ba a haɗa sa da tunkiya a turke ɗaya. Ya koma waya neman dogon da zai dace da kan jirgin Jamus, da kan jirgin da zai hau na Japan, da wanda zai ja na Sin. Jirgi ɗaya ya zama uku, kuma duk lokacin da ya gama kwatanta farashi sai dala ta motsa, ya sake daga farko.

Matarsa Tabawa ta kwashe taragun ta zuba daddawa da yaji. Kan jirgin yana aljihunsa. Ranar kasuwa, in ciniki ya cije, yakan fito da shi ya gangara shi a gadon bayan sa, masu saye su yi shiru har ya kai tozo.