Abin da Dutse Ya Ci a Jikina

A gonarmu ta Tsiga ni kaɗai nake ɗaga buhun masara in aza a kan amalanke, ba mai kama mini. Da rani kuma gireda nake tuƙa wa wani kamfanin gina hanya a Funtua. Da kamfanin ya samu aiki a wata ƙasa mai duwatsu a Asiya, aka nemi direbobi, na bi su da murnata.

Sansaninmu yana can ƙololuwar dutse, inda ko itace ba ya tsirowa. Iskar wurin ba ta ƙosar da mutum; ka ja numfashi ka ji rabi ne ya shiga. Da ciwon kai abin ya fara, sannan abinci ya fita raina. Bayan 'yan watanni wandona ya soma zamewa. Cinyoyina suka zube, damatsana suka saki, hawa gireda ma sai na tsaya na huta a matakala.

Likitar sansanin, wata dattijuwa 'yar ƙasar, ta matsa cinyata, ta yi magana tafinta ya fassara mini: "Ba cuta ba ce. In iska ta yi ƙaranci, jiki yakan rage tsokar da ba zai iya ciyarwa ba. Maganinka ka sauka ƙasa."

To, ƙanƙara ta riga ta toshe hanya, babu motar da za ta sauka sai sanyi ya wuce. Haka na zauna a kwantenar da muke kwana, ina kallon hannuwana suna ƙanƙancewa.

Ko da hanya ta buɗe, kamfanin bai sallame mu ba, sai da kaka na dawo gida. Inna ta dafa kafaɗata, ta ji ƙashi.

"Ɗan nan, me suka yi maka?"

"Iska ce, Inna."

Ba ta gane ba, mutanen gari ma haka. A gona na rungumi buhu ya ƙi tashi, masu casa suka kalli juna. Kafin kasuwar Bakori ta sake ci, magana ta zaga cewa mugun ciwo na kwaso. Wani abokina ya ba ni hannu a majalisa, na ga ya goge a rigarsa. Daga ranar na daina fita.

Ƙarfi ya riƙa dawowa a hankali, da tuwon dawa da noman rani a bayan gida, amma maganar ba ta mutu ba. Har damina ta faɗi ina zaure ina sa wa fartanya ƙota, ina jin masu wucewa suna rage murya in sun zo ƙofarmu.