Ƙirya Uku a Gonar Kaka

A kasuwar Utaiƙa, a ƙasar Larabawa, nake aiki, ina sauke buhunan gawayi, wanda kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, ke kira faham, ga masu gashin nama. Ban taɓa buɗe buhu ban shinshina shi ba. Kullum ina zargin ƙiryar garinmu ce ta biyo ni.

Kakata Delu ba ta yarda da baƙin abu mai cin wuta ba. Mijinta ya bar ƙasar Maraɗi ya yi shekaru yana zuba wa jirgin ƙasa kwal a Ƙauran Namoda, ya dawo yana kaki baƙi har ya rasu. Bayan isha'i takan tara mu bakin murhu, tana tura kara da ƙafa.

"Ga ta nan, mai gyangyaɗi ya yi wa kansa."

Wai wani baƙo ne ya zo gari da baƙin dutse mai dafa tuwo ba itace. Bai nemi ko anini ba. Ya ce a bar masa hayaƙin kawai, zai riƙa ajiyewa a sama. Gari ya yi ta murna. Da damina ta zo, hadari ya taso ya tarar hayaƙi ya cike masa wurin zama, sai ya wuce gaba.

"Sai me, Kaka?"

"Sai me? Je ka leƙa rumbunsu. Duk mai ce maka kyauta ne, dubi ɗayan hannunsa."

Ranar da ta ba mu wannan tatsuniya aka tarar an sare ƙirya uku a gonarta. Tana magana tana bin fuskokinmu da kallo. A ƙarshe zarginta ya sauka kan maƙwabcinmu Malam Idi maƙeri, tunda da gawayin ƙirya yake hura wuta. Ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba, mutane suka daina kai masa fartanya. Alhali ni na kai masu ƙona gawayi gonar, saboda 'yar rediyon da suka ba ni. Shekarata goma sha huɗu. Na yi shiru har su biyun suka koma ga Allah.

Yanzu duk sanda aka bugo mini waya daga gida cewa ruwa ya yi jinkiri, ba na iya zagin masana'antun Turawa da cikakken baki. Da nawa hayaƙin a saman nan.

Ɗan Malam Idi, Sani, direba ne a unguwar Ulaya, nan birnin da nake. Juma'ar da ta wuce muna cin shinkafar kabsa na daure na ce, "Sani, ƙiryar nan ba babanku ya sare ba."

Bai ɗago kai ba. "Ya sani. Ya gan ku a gonar. Cewa ya yi kar a faɗa wa tsohuwa, jikanta ne."

Ya turo nama gabana.