Baba Ezekiel da Ruwan da Ya Tona Kansa

Duk wanda ya yi firamare a ƙaramar makarantar nan ta bayan kasuwar Nasarawa, a kudancin Kaduna, ya san Baba Ezekiel mai gadi. Mutumin Zonkwa ne. Ya zo birni yana saurayi, ya shekara goma sha tara yana aiki a wata masaƙa a Kakuri. Da masaƙar ta rufe, sai ya karɓi ƙofar makaranta da benci guda da usur. Gadi aka ɗauke shi, amma aikin da ya ɗora wa kansa shi ne alƙalancin langa idan an tashi tara.

Langa dai sananniya ce: a kama ƙafa ɗaya ta baya, a yi ta tsalle da ɗaya. Kowane ɓangare yana da ruwa, wanda in ya isa wurin sha an ci wasa, sauran kuwa dawakai ne masu tsaronsa. Baba ya ƙara dokoki biyu nasa: mata ma su shiga, kuma kowane ɓangare ya ɓoye ruwansa, abokan karawa su nemo shi da hankalinsu.

A wurin wannan ɓoyo ne ya karanci yara fiye da masu riƙe alli. Yakan ce ɗan shekara biyar, ko sau goma ka gaya masa doki ne shi, da an busa usur wurin sha zai nufa. 'Yan shekara bakwai sun yarda ruwa ɗaya ne, amma sai su yanyame shi kamar kaji sun ga tsaba, har makaho ma ya gane shi. Sai yara sun kai shekara goma suke iya shirya magana da ido kawai.

Bara shugabar makaranta, Malama Deborah, ta gaji da ƙorafin iyaye a kan yagaggun riguna, ta ce za ta hana langa.

"Ranki ya daɗe, wasan ƙwaƙwalwa ne," in ji Baba.

"Baba, ban taɓa ganin ƙwaƙwalwar da ke kuje gwiwa ba. Ranar rufe makaranta ka nuna wa iyaye. In ture-ture na gani, shi ke nan."

Mako uku Baba yana horar da ɓangarori biyu, manya da ƙanana a gauraye. A nan ne son kai ya kayar da shi. Ya kira jikarsa Hadassah, 'yar shekara shida, ya raɗa mata cewa ita ce ruwan ɓangarensu.

"Kada ki gaya wa kowa, ko inuwarki."

"Kaka, ai ni ba yarinya ba ce."

Ranar taro, iyaye sun cika rumfa, yara sun kama ƙafa. Kafin a busa usur Hadassah ta hango mahaifiyarta, ta ɗaga hannu, ta ce da ƙarfi, "Mama, ni ce ruwa, amma sirri ne!"

Rumfa ta ɓarke da dariya. Baba ya ji kamar ya haɗiye usur, amma ya busa.

Isaac, ɗan shekara goma sha ɗaya, shi ne babba a ɓangaren Hadassah. Ya dubi abokansa biyu sau ɗaya. Nan take su ukun suka kewaye wani dogon yaro, Nuhu, suna kare shi kamar ƙwai. Manyan ɗaya ɓangaren suka tsaya nazari. Wa zai tona ruwansa a gaban jama'a? Lalle dabarar Baba ce. Suka yi ca a kan Nuhu. Hadassah kuwa ta bi gefen fili tana ɗingishi a hankali, har ta tsaya gaishe da wata inna, sannan ta isa wurin sha.

Malama Deborah ta taso ta sami Baba.

"Baba, kai ka tsara wannan?"

Dattijo ne a coci, ƙarya ba ta dace da shi ba. Ya sosa ƙeya.

"Ranki ya daɗe, ni ɓarnar kawai na tsara. Gyaran na Isaac ne."

Ta ce langa ta ci gaba, Talata da Alhamis, amma da kayan gida, ba rigar makaranta ba.