Takardar da Koci Ya Karanta Mini

A nadin unguwarmu da ke Alsawra, wato kulob ɗinmu na ƙwallon ƙafa, ba a zaɓen koci da takarda. Da ƙwallon dabino ake yi. A jera kofunan shayi a kan tebur, kowane ɗan takara da nasa, a raba dabino ɗai-ɗai ga duk wanda ya taɓa sa rigar ƙungiya ko yake zuwa kallo ba fashi. Ka ci naka, ka tashi a gaban kowa ka jefa ƙwallon a kofin wanda kake so. Dattawan da suka kafa nadin leburorin auduga ne da suka taso daga yankin Jazira, ba su yarda da abin da ba za su iya ƙirgawa da ido ba.

Shekarar da ta gabaci yaƙi kocinmu ya ajiye aiki, ciwon sukari ya ci ƙarfinsa. Daga ranar, a gindin darbejiyar ƙofar nadi, inda mai shayi take jera kujerunta bayan la'asar, ba a wata magana sai ta magaji. Da farko mutum biyu ake ambata: tsohon kyaftin ɗinmu wanda yanzu mahauci ne, da wani ustaz, wato malamin makaranta, mai koyar da wasanni a unguwar Hajj Yusuf, can tsallaken kogi.

"Mahaucin nan ba koci ba ne," in ji wani direban hafila, wato bas ɗin haya, abokina tun yarinta, wanda bakinsa ba ya hutawa. "Kun manta ranar da ya bi alƙalin wasa har tashar mota da takalmi ɗaya?"

"Ai alƙalin ne ya ja," wani ya ce daga baya.

"To ustaz ɗin fa? An ce yana da shahada, takardar shaidar koyon koci."

Direban ya ce, "Shahadar ce za ta tsallako da shi gada? Mota biyu da raksha mai ƙafa uku kafin ya iso. Zai zo ya tarar yara sun yi wanka."

Mai shayi ta ce, ba tare da ta ɗago daga murhunta ba, "Ku dai ku samo wanda zai hana 'yan wasanku shan taba a bayan kujeruna, ko ba ya cin wasa."

Ana cikin dariya shugaban nadi, dattijon da kowa ke kira Hajj, ya ajiye kofinsa ya ce, "Akwai na uku. Koci ya dawo daga ƙasashen Larabawan Khalij, kuma yana so."

Mun yi koci kusan goma bayansa, amma a unguwarmu in aka ce Koci kawai, shi ake nufi. Wurin ya kaure da murna. Direban hafila ya dube ni ya ce, "Ya zol, mutumina, uban gidanka ya dawo. Wannan karon kar ka gudu."

Na yi murmushi na shanye shayina. Shekara ashirin da shida ina jin irin wannan maganar.

Ni ne mai tsaron gidan ƙungiyar a zamanin Koci. Ina da shekara ashirin da biyu, ina gyaran babura a garejin kawuna, ban san baƙi ba, domin ko makarantar allo ban daɗe ba aka tura ni aiki. Saura mako biyu mu buga wasan da zai hau da mu aji na gaba, wani ɗan wasan gaba ya taka mini gwiwa. Ta kumbura kwana huɗu ta sace. A rana ta biyar Koci ya kira ni ofishin nadi, ya shimfiɗa takarda mai kwafi biyu da aka buga da Larabci a keken rubutu. Ya bi layukan da yatsa yana karanta mini: wai roƙo ne ga hukumar wasa ta kai ni asibiti a duba gwiwar kyauta. Na dangwala yatsa a kan duka biyun. Ya ba ni ɗaya ya ce in adana, za a kira ni.

Ranar wasa na sa rigata, na ɗaure takalmi, na shiga layi. Alƙali yana duba katunan 'yan wasa, ya iso kaina ya ce, "Kai an yi maka shaɗab." Wato an soke sunana daga rajista. A wancan lokacin ba a ƙara suna a tsakiyar kaka sai an soke wani, kuma ba a soke mutum sai shi ya nema. Wanda ya tsaya a raga ranar ɗan ƙanwar Koci ne. Aka zura masa uku.

Ni Koci ya ce mini hukuma ce ta soke ni saboda gwiwa, ba shi ba. Mutanen unguwa kuwa ya ce musu ni na nemi a sallame ni, tsoro ya kama ni. Sakataren nadi ya ce ya ga takarda da yatsana a jiki. Na rantse, ba wanda ya yarda. Da na so in ta da magana mahaifina ya ce, "Uban Koci ne limamin da ya raɗa maka suna. Ka haɗiye." Na haɗiye. Na tafi garin Jabal Awliya da ke bakin kogi na yi shekara biyu ina gyara injin jiragen masunta, don kar in ji ana cewa ga golan da ya gudu. Da na dawo Koci ya tafi Khalij, sunan kuwa yana nan yana jirana.

Takardar na sa ta a gwangwanin madara. Na san kusan abin da ke ciki, amma na yi alkawari ba wanda zai sake karanta mini ita. Matata ta sha cewa in kawo ta duba, na hana.

Ina da shekara arba'in da shida na shiga ajin manya da ake yi a makarantar firamare kwana uku a mako. Masu tambaya na ce musu don in riƙa gane sunan kayan raksha da saƙon waya ne. Wannan ma gaskiya ne. Na yi wata tara kafin in buɗe gwangwanin. Da tsakar rana ne, na sauke ƙofar gareji rabi saboda zafi. Rana uku na ɗauka, layi biyu ko uku kowace rana, ina maimaitawa har in tabbata. Takardar ta ce ni mai yatsa a ƙasa ina roƙon a soke sunana, da son raina, ba tilas. A ƙasa akwai gurbin wanda zai maye ni, da sunan ɗan ƙanwar. A gefe akwai sa hannun shaida. Babu kalmar asibiti ko ɗaya. Na neme ta sau da yawa, domin na riga na iya ta, kullum ina ganinta a allon kan hanya.

Ban nuna wa kowa ba. Takardar ita kaɗai ba ta wanke ni, ai cewa take ni na nema. Bakin wanda ya karanta mini ita nake bukata, shi kuma yana wata ƙasa. Na mayar da ita gwangwani. Bayan shekara guda sai ga Hajj da labarin dawowarsa.

Kwana uku kafin zaɓe Koci ya zo garejina. Ya yi ƙiba, jallabiyarsa fara sol, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Ya rungume ni duk da baƙin man da ke jikina.

"Golana. Har yanzu hannun nan yana nan?"

"Yana nan, Koci, sai dai kwance ƙusa yake yi yanzu."

"An ce mini 'yan raksha da mutanen gareji maganarka suke ji. Ina son ƙwallayensu ranar Juma'a." Ya zaro wata takarda daga aljihu. "Ga tsarin da na yi wa ƙungiya. Ka kai gida 'ya'yanka su karanta maka."

Na karɓa da hannu biyu. Na ga kan maganar sarai, amma sai na juya ta kai a ƙasa, na tsura mata ido kamar mai neman hoto. Ya yi dariya ya gyara mini ita, ya dafa kafaɗata.

"Kana nan yadda na bar ka."

"Ina nan, Koci. Allah ya kai mu Juma'a."

Da ya tafi na zauna na karanta tsarin nasa duka. Ba zan ɓoye ba, tsari ne mai kyau. Ya san ƙwallo fiye da mahauci da ustaz in an haɗa su.

Ranar Juma'a bayan la'asar farfajiyar nadi ta cika har kan katanga. Mai shayi ta ba da kofuna uku, ta ce a dawo mata da su a wanke. Mahauci ya yi magana, rabinta zagin alƙalai. Ustaz ya yi tasa, ya fara da Hausa ya zarce da Larabci, ya zana layuka a ƙasa da tsinke, dattawa suna gyangyaɗi. Koci ya tashi, bai daɗe ba, amma ya kira tsofaffin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, ya tuna wa kowa ƙwallon da ya ci. Aka yi ta tafi. Aka fara raba dabino.

Al'adarmu, kafin a jefa, Hajj yakan tambaya ko wani yana da magana da ɗan takara. Yawanci ba mai tashi. Na tashi.

"Hajj, tawa ba tambaya ba ce, tsohon kaya ne na tsinta." Na je gaban Koci na miƙa masa takardar, ta yi ja, ta kusa rabuwa a wurin naɗi. "Koci, ka tuna wannan? Takardar asibitin nan da ka karanta mini na dangwala. Har yau ba su kira ni ba."

Wasu suka yi dariya. Ya buɗe ta. Na ga idonsa ya sauka ƙasan takardar ya dawo. Sakataren da ya san zancen ya daɗe da rasuwa. A gabansa kuwa ga mutumin da ya riƙe takarda kai a ƙasa kwana uku da suka wuce, da ƙwallaye kusan ashirin a bayansa. Ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ita ce, ta asibiti. Allah sarki. Na yi ta bin likitan nan saboda kai, golana, ba su kyauta mana ba." Ya naɗe ta zai sa a aljihu. "Bar ta a wurina, tarihi ce."

"Ba ni tukuna, Koci."

Ya ba ni, domin idanu suna kansa. Na buɗe, na sa yatsa a layin farko kamar yadda ya sa nasa a wancan lokacin, na fara karantawa. A hankali nake karatu, har yanzu ma haka ne. Ban tsallake komai ba. Na karanta roƙon soke suna, da son rai, da ba tilas. Na karanta sunan wanda ya maye ni. Kowane layi in na gama sai in faɗe shi da Hausa saboda dattawa.

Hajj ya miƙo hannu, ya sa tabarau, ya bi ta daga sama har ƙasa. Ya ce, "Haka take."

Koci ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ya jama'a, abin shekara ashirin da shida. Kowa ya yi kuskure a ƙuruciya."

Na ce, "Na wancan lokacin ban zo da shi ba. Na yanzun nan nake magana, wanda ka faɗa dabino yana hannun mutane."

Na koma na zauna, na ci dabinona. Ban taɓa cin dabino a hankali kamar ranar ba. Direban hafila ne ya fara tashi. Mako biyu yana yi wa Koci talla a cikin motarsa. Ya tsaya a gaban tebur, ya dube ni, ya jefa a kofin ustaz ɗin da ya ce ba zai iya tsallako gada ba. Daga nan aka bi layi. Na jira har ƙarshe, ina jin ƙarar kowane ƙwallo a gilashi, ina sanin wane kofi ne. Na Koci ya yi ƙara sau huɗu, duka 'yan gidansu. Nawa na jefa wa ustaz. Koci bai jira ƙirge ba, ya fita ta ƙaramar ƙofa.

Bayan an watse Hajj ya riƙe ni. "Ɗana, an zalunce ka, mu ma mun taya. Amma da ka same ni a gida da mun gyara ba a tozarta dattijo ba. Ka yafe masa."

"A layi aka fitar da ni, Hajj, a gaban unguwa biyu, da takalmi a ƙafata. Ban ce ba zan yafe ba. Ba yau ba dai."

Direban hafila bai ba ni haƙuri da baki ba. Washegari ya kawo hafilarsa garejina wai tana ƙara, alhali ni ba na gyaran hafila, ya zauna har azahar ya saya mana ful, wato dafaffen wake. Tun ranar ban sake jin sunan nan daga bakin kowa ba.

Ustaz ya zama koci. Kusan kullum yana makara a gada. Wasa huɗu na farko aka ci mu duka, mahauci yana bakin fili yana zagi, wasu suna cewa ƙasa-ƙasa da Koci ne da ba haka ba. Gaskiyarsu ne, na sani tun ranar da na karanta tsarinsa. Duk wasannin huɗu na je. Ina zama a bayan ragarmu, kuma daga nan ana hango ƙofar gidan su Koci, inda yake fito da kujera ya zauna shi kaɗai yana jin ihun fili. A wasa na huɗu, da aka zura mana ta uku, na leƙa na ga yana nan, na kira mai shayi ta ƙara mini sukari.