Kunnen Hagun Zarto

Zo ka zauna nan kan benci, ka ara mini kunnuwanka. Duka biyun nake so, kuma kafin mu tashi za ka gane dalili.

Zarto ake ce masa a layinmu. Shekara goma sha tara ya yi yana tura katako cikin bakin inji a wata rumfar kwano da ke bayan tasha. Gajere ne kakkaura, garin katako ya samu wurin zama a girarsa har matarsa ta gaji da karkaɗewa. Ba ya iya magana a hankali, ko ruwan sha zai nema sai maƙwabta sun ji. In kai ne kake masa magana kuwa, sai ya karkata kai gefe kamar zakara na duban sama. Duk ma'aikatan rumfar haka suke yi, har muna tsokanarsu mu ce gaisuwar masu katako ke nan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun zamanin kaset mutumin nan ya mutu a kan hip-hop. In an kashe inji don cin abinci, shi sai ya jawo guntun katako biyu yana bugu a kan benci, yana gyaɗa kai. Ƙanin matarsa, wanda ake kira Dogo, DJ ne, yana da shago cike da sifiku da wayoyi. Da Dogo ya sayi sabuwar na'urar haɗa kiɗa sai tsohuwar ta koma kwana a ƙarƙashin tebur. Ana nan aka ba Dogo aiki biyu rana ɗaya, Asabar da la'asar, saura mako shida. Ɗaya daga ciki gasar ƙwallon kwando ce ta unguwa.

"Yaya," in ji Dogo, "kullum kana cika mini kunne kai ka san kiɗa. To ga dama. In ka iya haɗa waƙa da waƙa ba tuntuɓe kafin ranar, kai za ka je filin ƙwallo. Tsohuwar na'urar ta zama taka, da sifika biyu, kuma duk aikin da ya yi mini yawa naka ne. In ba ka iya ba, in nemi wani."

Wani zai ce bari in gwada tukuna. Ban da Zarto. Washegari da safe ya je ya shaida wa mai rumfa cewa ƙarshen wata mai zuwa ya bar aiki. Mai rumfa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Gemai-gemai da kai za ka koma kiɗa wa yara? Je ka. Amma ka sani, ranar da ka fita zan sa wani a gurbinka, kada ka dawo mini da 'yar murya."

Bari in gaya maka yadda aikin yake, don ka gane inda aka samu matsala. Waƙa ɗaya tana fita ta sifika jama'a na ji. Ta biyun, wadda za ta biyo baya, kai kaɗai kake jin ta a hedifon. Sai ka ɗora hedifon a kunne ɗaya, ka bar ɗaya kunnen a buɗe yana sauraron ɗaki. Kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, kana taɓa faifan na'urar da yatsa, ka ɗan tura ko ka ɗan riƙe, har bugun waccan da na wannan su faɗi tare kamar sawun mutum ɗaya. Daga nan ka ja maɓallin tsakiya a hankali, sabuwa ta shigo, tsohuwa ta fice, mai rawa bai ma san an sauya ba. Sababbin na'urori suna da maɓallin da ke yi wa mutum wannan aikin. Tsohuwar na'urar Dogo ba ta da shi.

Kullum in Zarto ya tashi daga aiki sai shagon Dogo. Hedifon a kunnen dama, kamar yadda aka koya masa. Ƙirga kuwa ba a fi shi ba. Amma da ya ja maɓalli sai ka ji kamar an zubo tukwane daga saman bene.

"Yaya, katako kake yankawa ko waƙa?"

"Ƙara sautin sifikar nan."

"Na ƙara. Mai shayi na can tsallaken titi yana rawa."

"Ƙarya kake yi, Dogo. Rage ta kake yi in na juya baya."

Mako uku ana wannan. Zarto ya sa a ransa yaron nan so yake ya kunyata shi, don ya samu abin ba 'yan uwa dariya. Ranar da abin ya kai masa wuya, ya fizge hedifon ya maka da tebur, ya ce ya yi wa Dogo wanka yana ƙarami, ba zai tsaya ya mai da shi abin wasa ba. Dogo ya ce wankan ma da ruwan sanyi aka yi masa, yana sane. Da ba don mai ɗinkin maƙota ya shigo ba, da an ba hammata iska.

Ya isa gida yana huci. Matarsa na tsintar wake a tsakar gida, ya tsaya kanta yana zazzage mata laifin ƙaninta. Ta bar shi ya gama. Sai ta tashi ta zagaya ta hagunsa ta faɗi wata magana.

"Me kika ce?"

Ta dawo ta damansa. "Cewa na yi, Baban yara, kunnen nan naka na hagu ya daɗe da tafiya."

"Wane irin zance ne wannan?"

"Shekara nawa rabon da ka ga na zauna ta hagunka? Ko a mota sai na sauya wuri da wani. Yaran nan in suna son fita yawo ta hagu suke tambayarka, ka ce to, alhali ba ka ji ba."

"Kuma kika yi shiru? Shekara da shekaru?"

"Sau uku ina faɗa maka. Biyu ka ce datti ne. Na ukun ka daina yi mini magana kwana biyu."

Bai ci abinci ba ranar. Da safe ya tafi asibiti, aka sa masa wani hedifon ɗin, aka ce duk sanda ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ta dama hannu na tashi. Ta hagu ya zauna kamar gunki, yana jiran a fara, ashe har an gama. Likita ta tambaye shi aikinsa, ya faɗa. Ta ce kunnen da ya tafi ba zai dawo ba, ya lallaɓa wanda ya rage.

Daga asibitin bai zame ko'ina ba sai rumfa. Ka ga, injin nan an kafa shi ne jikin bango, saboda haka duk mai tura katako dole hagunsa ne ke fuskantar haƙoran zarto. Shekara goma sha tara, ko audugar toshe kunne ba a taɓa miƙa wa kowa ba. Ya tsaya gaban mai rumfa yana faɗa har jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Ka cinye mini kunne, ka cinye na mutum biyar, kana zaune a ofis ka rufe ƙofa."

Mai rumfa ya ce, "Ni na ɗaure ka jikin injin? Da kunnen ka zo aiki ko da hannu?"

Abokan aikinsa suka taru, kowa ya karkata kai gefe guda yana tambayar me ake cewa. Wannan ne ya fi ƙona masa rai.

Ya koma shagon Dogo bai ba da haƙuri ba, Dogon ma bai nema ba. Suka mai da hedifon kunnen hagu, shiru kake ji. Suka dawo da shi dama, ɗaki ya koma kamar ana kiɗa a ƙarƙashin ruwa. Dogo ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, aikin nan na kunne biyu ne. Bari in nemi wani kawai, ba laifinka ba ne."

"Ka nemi wani in na mutu."

Saura mako biyu. Yana kan aiki a rumfa, ransa a ɓace, sai ya ɗaga hannu ya ce a kashe inji, akwai ƙusa a cikin gungumen. Aka duba, ga ta kuwa. Ya tsaya yana tunanin yadda aka yi ya sani, tunda ba ji ya yi ba. Ashe ta tafin ƙafa yake sani. Shekarun nan duka, daɓen rumfar ne ke gaya masa in zarto ya dakushe ko ya ci karo da ƙarfe.

Ya zaɓi falanki busasshe marar kauri, ya fere shi da hannunsa, ya kai shago. Ya cusa bakinsa ɗaya ƙarƙashin babbar sifika, ya tuɓe takalmi ya hau ɗaya bakin. Bugun da ke ɗaki ya riƙa hawowa ta ƙafarsa, na hedifon yana shiga ta dama. Ya taɓa faifai, ya riƙe, ya saki, ya ja maɓalli. Ba a zubo tukwane ba. Dogo ya ce aikin filin ƙwallo nasa ne.

Ranar Asabar rana ta buɗe sosai a filin ƙwallo. Shugaban masu shirya gasar ya ga mutum ba takalmi a kan katako, ya ce wannan wane irin DJ aka turo musu, ya sa takalminsa. Zarto ya juyo masa da kunnen hagu ya ci gaba da jona wayoyi. Awa uku ya yi a tsaye. Sau ɗaya ya yi tuntuɓe, lokacin da wani ɗan kallo ya taka masa falanki, kuma kallon da ya yi wa mutumin ya isa ya hana kowa sake matsowa. Da aka tafi hutun rabin lokaci, 'yan wasan maimakon su zauna sai suka shiga rawa da gorar ruwa a hannu.

Na'urar tana ɗakinsa yanzu, da sifika biyu da falankin. Yana samun aiki. Hedifon ɗin ba ya ƙure masa sauti, don matarsa ta ce ranar da na daman ya tafi ita ba ta da wani gefen da za ta zagaya. In ka ce masa ai abin ya zo da sauƙi, sai ya harare ka. Bai huce ba.

Makon jiya ya bi ta bayan tasha da sifika a kan amalanke. Ya leƙa rumfar, ya ga sabon ma'aikacin da aka ɗauka a gurbinsa, magidanci mai 'ya'ya, tsaye daidai inda Zarto ya saba tsayawa, hagunsa na kallon haƙoran zarto. Zarto ya ɗaga murya ya kira shi sau uku, ƙarar inji ta haɗiye kiran. Makunnin injin yana nan jikin bango, taku huɗu daga bakin ƙofa, ya san wurin ko ido a rufe. Mai rumfa kuma yana kallonsa ta tagar ofis.

Da kai ne riƙe da amalanken nan, turawa za ka yi ka wuce, ko shiga za ka yi?