Gaɓar Yatsan Wa?

Duk ƙarshen damina, kakata Iya Habi takan zo mana Paraku daga Jugu da ƙullin saiwoyi a bakin zane. Cikinsu akwai sanya, wadda ake ce wa uwar magunguna. Takan jiƙa mana ɗan guntu, wai ya ƙarfafa jiki kafin lokacin mura. Ƙamshinta kamar na man zafi, kuma har yau in na shaƙe shi sai kewar Iya ta kama ni.

Bayan magariba, in an sauke tuwo, mukan kewaye murhu a tsakar gidanmu na unguwar Lajifarani. Ni ce mai katse ta da tambaya, shi ya sa ta raɗa mini Aku.

"Ga ta nan, ga ta nanku. Ke Aku, rufe baki ki buɗe kunne."

Wai wani maƙeri ne 'yarsa ta kwanta ciwo. Ya shiga daji ya tono sanya, sai saiwar ta yi magana: "Gaɓar yatsa guda, ni uwa ce. In ka wuce nan, ban san ka ba." Maƙeri ya auna da babban yatsansa, wanda guduma ta riga ta faɗaɗa, ya dafa ya ba yarinya. Kwana uku tana amai, da kyar ta tsira. Ya koma daji da gatari zai sare itacen, sai saiwa ta ce, "Gaɓa guda na ce. Ka tambaye ni yatsan wa?"

Mu kuwa sai dariya, muna ta gwada yatsunmu a hasken wuta. Iya ba ta dariya. "Mai warkarwa yana kisa, jikokina. Mai ciki ma ba ta kusantarta."

Bara 'yata Safiya, mai shekara uku, ta kwana biyu da zazzaɓi. Ni da taurin kaina na ce me zai kai ni layin likita, ga sanya a ɗaki? Na ɗora ruwa, na kara saiwar a yatsana zan yanka. Sai Safiya ta miƙo hannu ta riƙe zanena. Na dubi yatsunta, 'yan mitsi-mitsi, zafi rau. Tsoro ya kama ni, na ajiye wuƙar. Na goya ta, na fita na tare zem, babur ɗin haya.

A likita, wato asibiti, aka ce zazzaɓin sauro ne, har ya fara shan jininta, da na ƙara kwana guda da labari ya sha bamban.

Shekara talatin ina dariyar maƙerin nan. Allah ya jiƙan Iya, ashe ni take tambaya.